Ƙararrawar da Ba Ta Kwana a Waje

Ƙarfe tara da kwata na safiyar Litinin aka sanar da Sufeto Badaru cewa an yi sata a wani ɗakin taro na unguwa a Catford, cikin birnin London. Ya ture kofin shayinsa gefe, ya ce wa Sajan Kachollom ta ɗauko mabuɗin mota.

"Me aka ɗauke, oga?" ta tambaya suna sauka daga bene.

"Ƙararrawa."

"Ta ƙofa?"

"Ta hannu. Wai shekararta ɗari shida."

A bakin ɗakin taron wata dattijuwa ce ta tare su, sanye da atamfa, ta ɗora jibgegiyar kwat a kai. Tana ganin sunan da ke ƙirjin Sufeto ta juya harshe zuwa Hausa.

"Alhamdulillahi, na gida ne. Sufeto, sannu da zuwa. Ni ce Hajiya Amamata, ni na yi reporting."

Ta ja su ciki tana bayani. Shekara talatin ta yi tana aikin jinya a London, da ta yi ritaya sai ta koma wani ƙauye a Kent mai suna Brindlecombe, mutanensa ba su kai ɗari bakwai ba. Ƙauyen na da 'yar majalisarsa ta mutum bakwai, masu kula da filin tsakiyar gari da maƙabarta da fitilun hanya. Bara aka zaɓe ta kansila.

"Yanzu babbar council, majalisar yanki da ke samanmu, tana so ta haɗe mu da ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu, a rushe tamu majalisar," in ji ta. "Mu kuma muka ce tun zamanin wani sarki muke cin gashin kanmu, shi ya ba mu ƙararrawar da ake kaɗawa kafin kowane zama. Suka ce mu kawo hujja. Ni na kawo shawarar a zo da ita nan, jiya Lahadi jama'a su gani, yau wata ƙwararriya ta gwada tagullar ta faɗi shekarunta. Ni na sa hannu, Sufeto. In ba a same ta ba, na kashe majalisa da hannuna, kuma da wace fuska zan shiga shagon garin?"

Akwatin gilashin yana kan tebur, a kulle, babu ko tsagewa. Hajiya ta ce da ƙarfe uku na jiya aka lulluɓe shi da ƙyalle, jama'a suka koma ɗaya ɗakin shan shayi har biyar. Sai yau da ta yaye ƙyallen ta ga wayam.

"Mabuɗi nawa ne?"

"Biyu. Ɗaya a wuyana, ɗaya wurin shugabar majalisa, Misis Orme."

"Kin fita jiya?"

"Ko nan da ƙofa."

Sufeto ya durƙusa yana duba murfin. A jikin ƙarfen da ke riƙe shi wani ɗan zaren ulu kore ya maƙale. Ya zare shi a hankali ya saka a leda.

"Abin haushin," Hajiya ta ƙara, "mutanen garin ko a jikinsu. Wai ƙararrawar ba ta kwana a waje. Sun ce sau biyu ana sace ta a da can, kowane karo da safe sai a tarar da ita a kan teburin majalisa."

"To mu jira ta kira mu in ta isa," in ji Sufeto.

A kicin suka sami mai kula da ɗakin taron, Baba Awal, mutumin zongon Kumasi, yana wanke kofuna.

"Baba, ka ji ƙarar ƙararrawa jiya bayan ƙarfe uku?"

"Ko kaɗan. Kuma wannan abu, in ka taɓa shi da ɗan yatsa, har bus stop ana ji. Da safe da suka kawo shi, kunnena ya yi ciwo."

"Wa ya fita, wa ya shiga?"

"Hajiya ya fita. Ya yi awa ɗaya, ya dawo da leda biyu, doya da daddawa."

Hajiya, wadda ke tsaye a bakin ƙofa, ta gyara ɗankwalinta. "To, Sufeto, a ƙauyen nan ko barkono na kirki babu. Na zo Catford in koma hannu biyu? Amma mabuɗin yana wuyana."

"Da kin faɗa tun farko, Hajiya. Baba, sai me kuma?"

Baba Awal ya yi dariya. "Wajen ƙarfe huɗu na ga wani tsoho Bature a lungun bayi, ya cire takalmi ɗaya. Na ce Allahu Akbar, yau mun samu ƙari, zai yi alwala. Na je neman buta, na dawo ba shi."

"Za ka gane shi?"

"Ina! Su ashirin ne jiya, duk farin gashi, duk jaket kalar ƙasa."

Ƙarfe goma 'yan majalisa biyu suka iso don ganin gwajin da aka shirya. Sufeto ya fara da Misis Orme, doguwar tsohuwa mai jaka a hammata. Da Turanci suka yi maganar.

"Mabuɗinki ya taɓa barin hannunki?"

"Yana cikin jakata, jakata kuma tana jikina."

"Ba ki ko runtsa ba bayan cin kek?"

"Sufeto, shekara goma sha tara ina shugabancin majalisa, ban taɓa barci a taro ba."

Daga baya Baba Awal ya raɗa wa Sajan Kachollom cewa munsharinta ne ya sa aka rage sautin rediyo don kada a tashe ta, jakar kuwa tana ƙasa kusa da ƙafarta.

Sufeto ya ɗaga ledar zaren. "Kin san wannan?"

Ta kalle shi, ta ɗan jima, sannan ta kawar da kai. "Zare ne. Ƙasar nan cike take da zare."

Na biyun shi ne Mista Godfrey Pellatt, ɗan gajeren tsoho mai fara'a, wanda ya rubuta tarihin ƙauyen, kuma shi ke jagorantar jama'a zagayen iyakar gari kowace bazara, suna dukan duwatsun iyaka da sanduna don kada a manta da su. Kafin a tambaye shi komai ya fara ba da labarin yadda sojojin wani basarake suka ɗauke ƙararrawar a kan doki, dokin ya ƙi tsallake rafi.

"Za mu dawo kan dokin," Sufeto ya katse shi. "Yaushe ka bar nan jiya?"

"Uku saura kwata, kafin a lulluɓe akwatin. Na ga ƙararrawar da idona tana ciki."

"Da me ka koma?"

"Jirgin ƙasa. Na uku da minti goma."

Sufeto ya gode masa, ya ce ya zauna ya sha shayi. A waje Sajan Kachollom ta matso kusa.

"Oga, ƙarya yake. Jiya babu jirgi a layin nan gaba ɗaya, an yi cancel saboda gyara. Ni kaina replacement bus, motar da aka sa a madadin jirgin, na hau zuwa coci, na makara har an gama waƙa."

"Na ji ki. Amma ƙaryar jirgi ba ta isa kama mutum ba. Hajiya ma ta yi tata a kan doya."

Suna cikin haka sai ihu ya tashi a ɗakin taro. Suka shiga da sauri suka tarar da Misis Orme riƙe da waya, fuskarta ta yi ja don murna.

"Ta koma! Mai sharar ɗakin majalisa ce ke magana. Ta buɗe ƙofa yanzu ta gan ta a kan tebur!"

Mista Pellatt ya ɗaga hannu sama. "Karo na uku! Na gaya muku ba ta son tafiya. Ina ganin magana ta ƙare, kada wanda ya sake fitar da ita daga gari, gwaji ko ba gwaji."

Hajiya Amamata ta zauna a kujera tana salati, ta rasa ko murna za ta yi ko tsoro.

Sufeto ya miƙa hannu aka ba shi wayar, ya buɗe sautin yadda kowa zai ji. "Baiwar Allah, ɗan sanda ne ke magana. Sa safar hannunki, ki ɗaga ƙararrawar ki kaɗa mana."

Kowa ya kasa kunne. Sai muryar matar ta dawo. "Ba ta ƙara, yallaɓai."

"Leƙa cikinta."

"Akwai... an ɗaure wa ƙarfen cikin safa. Safar ƙafa, koriya, ta ulu. An yi mata ƙulli har uku."

"Na gode. Kada ki kwance." Ya kashe wayar ya dubi jama'a. "Na yarda ƙararrawa tana iya kewar gida. Amma ban taɓa jin wadda ta tsaya sa safa kafin ta kama hanya ba."

Hajiya ta miƙe zumbur. "Koriya? Ai Misis Orme ce ta saƙa wa kowane kansila safa da Kirsimeti, kowa da kalarsa. Tawa ruwan hoda ce. Koriyar kuwa..." Ta juya ta kalli Mista Pellatt, ta kama baki.

Misis Orme ta sunkuyar da kai. "Tun da na ga zaren na gane. Tare muka yi firamare da Godfrey, Sufeto. Ban iya faɗa ba."

Sufeto ya ja kujera ya zauna gaban tsohon. "Mista Pellatt, ba ka hau jirgin uku da minti goma ba, don babu shi. Ka jira Misis Orme ta yi barci, ka zare mabuɗi daga jakarta, ka shiga lungu ka cire safarka, ka toshe bakin ƙararrawar, ka mayar da mabuɗin. Yau da sassafe ka ajiye ta a ɗakin majalisa. Abin da ban gane ba shi ne, me ya sa ka bar safar?"

Tsohon ya yi ajiyar zuciya, sai kuma ya yi ɗan murmushi. "Ƙullin ya ƙi kwantuwa. Yatsuna ba kamar da ba. Na ji motsin mutum a ƙofar waje, na fita ta baya."

"Me ya sa ka yi?"

Ya cire tabarau yana gogewa. "Don ba ita ba ce. A hunturun 1963 mahaifina shi ne sakataren majalisa. Ya manta da hita a kunne, kabad ɗin da ake ajiye ƙararrawar ya kama wuta, ta tsage gida biyu, gefe guda ya narke. Kunya ta hana shi faɗa. Ya zo nan London a ɓoye aka zuba masa wata irinta. Sai da yana gargara ya gaya mini. Ni kuma shekara arba'in ina tsayawa gaban 'yan makaranta ina ce musu hannun sarki ya taɓa wannan. Da an gwada ta yau, da sunan mahaifina ya lalace, da littafina, da majalisar gaba ɗaya." Ya dubi Hajiya. "Ke ce na fi cuta, Amamata. Na san ke za a zarga, na ce kwana ɗaya ne kawai. Ki yafe mini."

Hajiya ta harɗe hannu. "Godfrey, ka sa hawan jinina ya tashi, ni da na yi shekara talatin ina auna na mutane."

"Ina ta ainihin?" Sufeto ya tambaya. "Ya jefar?"

"Mahaifina? Ko tsohuwar ƙusa ba ya jefarwa. Ya naɗe ta a buhu ya binne a ƙarƙashin itacen tuffa na bayan gidanmu."

"Tana nan har yanzu?"

"Ni nake share wurin."

Sufeto ya juya wajen Hajiya, ya koma Hausa. "Hajiya, ƙwararriyar nan tagulla za ta gwada, ko sauti?"

Idon Hajiya ya buɗe. "Tagulla! Tsagaggiya ma ai tagulla ce!" Ta fassara wa Misis Orme, tana magana tana lalubar waya. "Bari in yi rebooking, in mayar da gwajin zuwa Alhamis. Baba Awal, kana da shebur?"

"Biyu ma," in ji Baba Awal daga kicin.

Misis Orme ta miƙe tsaye ta gyara jakarta. "Za a yi zaman gaggawa gobe. Godfrey, kai za ka karanta wa gari gaskiyar da bakinka. Ni kuma zan sa a rubuta cewa na rufe ido na minti biyu."

Sufeto ya tashi. "Kafin nan, Mista Pellatt, sai ka biyo mu ofis. An buɗe fayil na sata, an ɓata wa 'yan sanda lokaci, dole ka ba da bayani. Abin da zai biyo baya ya danganta da abin da majalisarku ta ce." Ya karanta masa haƙƙoƙinsa, Sajan Kachollom ta riƙe masa kwat ya zura hannu.

Suka fita da shi, babu ankwa, Sajan na gefe tana tare masa ƙofa. Ya zauna a bayan mota ya ɗaura bel, sannan ya leƙo tsakanin kujeru.

"Sufeto, wannan bayanin, za a naɗi duk abin da na faɗa?"

"Kalma da kalma."

"Kuma ba za a katse ni ba?"

"Doka ta ce a bar ka ka gama."

Fuskar tsohon ta washe. "Madalla. To sai mu fara daga shekarar 1420, don ba za ku fahimci wutar ba sai kun fahimci rikicin filin kiwo."

Sajan Kachollom ta kalli ogan nata ta wutsiyar ido, ta cije leɓe. Sufeto Badaru ya ciro waya ya rubuta wa matarsa cewa kada a jira shi cin abincin rana.