Fasfon da Ya Ɓace Daga Gwangwanin Biskit

Da hantsi Maman Tsigi ta buɗe gwangwanin biskit, ta tarar fasfo ɗaya ya yi ƙafa.

Ta juye komai a kan gado, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Na manya duk suna nan, kowanne da katin rigakafi a cikinsa. Na yara kuwa ta ware su a leda daban, domin Ejan mai yi musu shige da ficen biza ya ce sai an haɗa su da takardar amincewar uba. A ledar nan fasfo ɗaya ya rage, na 'yarta Tsigi. Na Kumatu, 'yar ƙawarta Nas, babu shi.

Tsofaffin 'yan aji ɗaya ne da iyalansu suka daɗe suna shirin zuwa wata ƙasa ta bakin teku. Ita aka ba ajiyar takardu saboda tsantseninta. Ita ta kora kowa ya je allurar shawara, ita ta sayo gidajen sauro, ita ta hana a yanki tikiti a watan da ruwan sama ke wuni yana zuba a can. Jiya aka yi taron ƙarshe a falonta. Yau da la'asar Ejan zai zo ya kwashi fasfunan, wanda nasa bai shiga ba sai dai ya ga teku a hoto.

Nas ta iso da kayan aiki a jikinta, ko zama ba ta yi ba.

"Baban Kumatu ne," in ji ta. "Tun da muka rabu yake neman inda zai ƙuntata mini. Jiya ai ya zo nan ɗaukar yarinya. Wurin 'yan sanda zan je."

"Ki ba ni zuwa azahar."

"Ke komai sai kin yi masa lissafi."

"In kika kai shi ƙara kuma ba shi ba ne, Kumatu ce za ta sha wahalar. Da ƙyar kuka fara gaisawa."

Nas ta yi tsaki, amma ta zauna.

Shagon Baban Kumatu yana ƙarshen layi, firji a kan firji har rufi, shi kuma yana kwance a bayan wani yana ɗaure bututu. Maman Tsigi ta gaya masa abin da ya faru. Ya tashi zaune yana goge hannu da tsumma.

"Jiya ka shiga ciki?"

"A ƙofa na tsaya. Surukarki ce ma ta miƙo mini yarinyar, ta haɗa ni da wa'azi a kan teku."

"Kana so Kumatu ta je?"

"Da farko ban so ba. Amma wa ya sa hannu a takardar amincewa? Maman Tsigi, in ina so in hana tafiyar nan, waya ɗaya zan yi wa Ejan in ce na janye. Me zai kai ni ɗakin matar mutane?"

Ta juya maganar a ranta. Gaskiya ne. Wanda doka ta ba ikon hanawa ba ya bukatar sata.

Saura Tela, 'yar ajinsu mai ɗinka musu riguna marasa nauyi saboda zafin can. Ita kaɗai ce baƙuwar da ta shiga uwar ɗaki jiya, don gwada wa Tsigi riga. Maman Tsigi ta same ta a kan keke, da allura a baki.

"Kin taɓa gwangwanin da ke kan kabad?"

Tela ta cire allurar. "Na buɗe shi mana. Zare nake nema. Wa ya taɓa ganin gwangwanin biskit da babu zare a ciki? Ke kaɗai ce a duniya."

"Me kika gani?"

"Fasfuna. Na buɗe na yaran ina dariya. Duk sanƙo, duk a naɗe cikin farin zane ɗaya na mai hoto, kamar ƙwai biyu."

"Duka biyun suna nan?"

"Duka. Har na ce wa Inna, surukarki, ta zo ta gani. Ta ce ita ba ta gani sosai, jikarta ta karya mata tabarau."

"Inna tana ɗakin?"

"Tana bakin gado tana shafa man zafi a gwiwa."

Maman Tsigi ta dawo gida a hankali, tambaya ɗaya tana ta kai kawo a ranta. Wa zai amfana in Kumatu ba ta je ba? Ta duba ta ko'ina, ba ta samu kowa ba. A bakin ƙofa ta juya tambayar. In kuma ba na Kumatu aka zo ɗauka ba fa?

Ta wuce Nas a falo, ta shiga ɗaki, ta ɗauki ledar yara ta kai hanci. Man zafi. Sai kuma ta tuna wani abu. Tun da aka fara maganar tafiyar nan, Inna, uwar mijinta, ba ta taɓa barin gari ya waye ba tare da ta ce a bar mata jikarta a gida ba. Yau da safe ba ta ce komai ba. Har waƙa take yi tana shara.

Ta same ta a tsakar gida tana ninke wanki. Ta durƙusa kusa da ita, ta kama ɗaya gefen zanen gado suna ninkewa tare.

"Inna, an sace mana fasfon yarinya."

"To," in ji Inna, ba ta ɗago ba. "Wani abin in ya faru alheri ne. Sai ku je ku dawo lafiya, ni da Tsigi muna nan."

"Ai na Tsigi yana nan. Na Kumatu ne babu."

Hannun Inna ya tsaya a kan zanen.

"Na wa?"

"Na 'yar Nas. Ga ta can a falo, za ta kai uban yarinyar wurin 'yan sanda."

Inna ta ajiye zanen. Sannan ta tashi da ƙyar, ta shiga ɗakinta, ta zura hannu cikin rigar matashin kai. Nas ta leƙo daidai lokacin da fasfon ya fito.

"Inna, ke?"

"Ni ce, 'yar nan. Ku bar bawan Allah ya yi gyaran firjinsa." Ta buɗe fasfon, ta nesanta shi da idonta, ta matso da shi. "Yanzu wannan ba Tsigi ba ce?"

"Kumatu ce."

"Ni dai na duba hotuna biyu, na ɗauki wadda ta fi kyau."

Nas ta so ta ci gaba da fushi, dariya ta ƙwace mata, ta zame a jikin bango tana share ido. Da ta lafa ta dubi ƙawarta. "Ta yaya kika gane?"

"Babu mai riba a zaman Kumatu. Akwai mai son zaman Tsigi, kuma ba ta da tabarau. Ga ƙanshin man zafi a leda. Sannan na ce an sace fasfon yarinya, ba ta tambayi na wacce ba."

Nas ta karɓi fasfon, ta fita tana latsa waya. "Bari in kira shi," in ji ta. "Gaisawa kawai za mu yi, kar ki kalle ni."

Suka rage su biyu. Inna ta zauna a bakin gado.

"Ƙanena ruwa ya ci," ta ce. "Bai kai Tsigi wayo ba. Kogi ne ma, ba teku ba. Juya baya kawai na yi."

Maman Tsigi ba ta taɓa jin wannan ba, ko daga bakin mijinta. Ta miƙe. Ta je ɗakinta ta dawo da wata 'yar riga mai ruwan lemo, mai kauri, da maɗauri har ta tsakanin ƙafafu.

"Rigar ceto ce. Ita na fara saya, kafin akwati. Ba za ta taka yashi ba sai da ita, kwale-kwale kuwa ba za ta hau ba sam. Amma ta yi mata yawa a kafaɗa, Tela kuma aiki ya sha kanta."

Inna ta karɓa, ta juya ta, ta kama maɗaurin da hannu biyu ta ja da duk ƙarfinta. Bai motsa ba. Ta sake ja.

"Ɗinkin inji," ta ce da raini. "Kira mini yarinyar in gwada. Ki zura mini zare a allura, mai kauri, ninki biyu."