Maginiyar Tulu da Ramin Gashi Ɗaya

A wani gari, can da daɗewa, an yi wata mace mai ginin tulu. Ramin gashinta ɗaya ne tak, kuma tulu ashirin yake ci, sai ya yi kwana uku kafin ya huce. Yayarta ce mai kula da wutar.

Da tulunanta suka yi suna, sai ta ɗauko mata huɗu su taya ta gini, tana biyan su da geron da ta tanada don damina.

Yayar ta ce, "Ƙanwata, hannu ya ƙaru, amma ramin bai ƙaru ba. Mu haƙa na biyu tukuna."

Ta ce, "Haba Yaya, wa ke da lokacin haƙa? Ku ƙara gini!"

Ɗanyun tuluna suka cika rumfa. Yayar ta sake magana, amma ƙanwar ta ce, "Ku ƙara gini!" Suka cika tsakar gida, har akuya ta rasa wurin kwanciya. Masu saye suka zo, ta nuna musu da alfahari. Wata tsohuwa ta ƙwanƙwasa ɗaya, ta ce, "'Yar nan, wannan ai ko yawu ba zai riƙe ba."

Ran nan da hantsi ruwan fari ya sauko. Kafin azahar tulunan duk sun narke. Rumbu kuwa ya riga ya zama wayam.

Tana tsaye cikin laka har ƙauri, sai yayar ta fito daga rumfar gashi, ta ce, "Ga na yau. Ashirin ne."