Malamin 'Yan Chana da 'Yar Bunu

Ranar da Yagana ta fara ganin Mudassir kuka take yi, kuma ba kukan yanga ba, kuka ne har da majina.

Daga Gafasa ta zo suna Kademi, gidan gwaggonta, sai ƙawarta ta bugo mata wai sakamakon jarrabawar gama sakandare ya fito. A unguwar kuwa waya ba ta kamawa da kyau sai a gindin wata tsamiya da ke kan tudu a bayan gari. Can ta nufa, ta duba, ta ga komai ta ci ban da Turanci. Bara ma shi ya kayar da ita. Ta zauna a kan saiwa ta wage baki.

Ashe da mutum a ɗaya gefen bishiyar. Wani siririn saurayi ne, ya shimfiɗa tabarma, ya kife tsohon turmi ya ɗora kwamfuta a kai, ya toshe kunnuwa da abin sauraro. Daga wuya zuwa ƙugu ka ce ma'aikacin banki ne, riga fara sol, ta sha guga. Daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa wandon gona ne, laka har gwiwa.

Ya cire abin kunnen ya leƙo.

"Baiwar Allah, don Allah a ɗan rage murya. Ana jin ki a Chana."

Kukan ya tsaya cak.

"A ina?"

"Chana. 'Yan sakandaren can nake koya wa karatun Turanci. Yanzu wani ya tambaye ni ko akuyarmu ce take haihuwa."

Ta galla masa harara, amma dariya ta riga ta kufce mata. Da ya sallami ɗalibinsa ya tambaye ta abin da ya faru, ta miƙa masa wayar.

"A ina yake kayar da ke?"

"Wajen da za a ba ka dogon labari ka karanta, a yi maka tambayoyi. Ina cin karo da kalmar da ban sani ba sai kaina ya ɗaure, in tsaya a kanta har a ce lokaci ya cika."

"Ciwonku ɗaya da 'yan Chana," in ji shi. "Baƙuwar kalma kamar baƙo ce a gidan biki. Ba kya tare shi a ƙofa ki ce sai ya faɗi sunan kakansa. Ki dubi da su wa ya shigo, a wajen su wa ya zauna, za ki gane ko dangin ango ne ko na amarya."

To, daga nan aka fara. Da sunan karatu ya karɓi lambarta, kuma Allah ya sani an yi karatun. Ya koya mata ta fara duba tambayoyi kafin ta shiga labari, don ta san abin da take nema, kamar mai zuwa kasuwa da sautu. Ya hana ta amsawa da abin da ke kanta. Duk amsar da ta bayar sai ya ce, "Ɗora min yatsa a inda kika gan ta." Ta sake zana jarrabawa, ta ci. Karatu ya ƙare, amma saƙo bai daina shigowa ba.

"'Yar Barebari, yau na karanta shafi guda har ƙarshe, aka tambaye ni abin da ke ciki na rasa. Ke ce kika tsaya min a kowane layi. Ki biya ni."

Ta mayar masa: "Malam guda da wannan sakaci? Allah ya jiƙan kuɗin 'yan Chana. Ka ci abinci dai?"

"Ban ci ba, ɗalibata. Sai kin ce in ci."

"To ci, Malamina. Kar ka ƙara ramewa a ce ni ce."

Ya fara zuwa zance Gafasa ranar Juma'a da la'asar, cikin shadda har ƙasa, takalmi yana ƙyalli, turare tun daga bakin layi. Dada, kakar Yagana ta wajen uba, takan zauna a soro tana ɓarar gyaɗa, wai iska take sha. Babu abin da ya wuce ta.

Matsalar daga Malam Bunu ta fito, mahaifin Yagana, mai sayar da hatsi a kasuwar Ajingi. Shi mutum ne da ba ya yarda da abin da bai taɓa da hannu ba.

"Wane irin aiki ne babu ofis, babu maigidan da za a je a gaisar?" ya ce. "Mutum ya zauna a gindin tsamiya yana magana shi kaɗai. A zamaninmu mai yin haka ruƙiyya ake yi masa."

Duk da haka bai hana ba, ya ce zai yi bincike. Sai dai wanda ya ɗora wa binciken shi ne Hafizu, ɗan amininsa, mai shagon kayan waya, wanda ya daɗe yana aiko wa Yagana da cazar da ba ta tambaya ba. An ba kura ajiyar nama.

Hafizu ya je Kademi, ya laɓe a bayan tsamiya, ya dawo da hoto mai motsi a wayarsa. A tsakar gida ya kunna shi, gaban kowa. Ga Mudassir a kan tabarma. Ga wata budurwa fara a cikin kwamfuta, gashi har kafaɗa, tana hawaye tana dariya. Ta haɗa yatsunta ta yi masa alamar zuciya. Shi kuma ya dafa ƙirji, yana murmushi har kunne.

"Kullum haka suke, Baba," in ji Hafizu, yana sunkuyar da kai kamar abin ya dame shi. "An ce ma tafiya za ta yi da shi."

Malam Bunu ya miƙe ya kaɗe rigarsa.

"Zance ne wannan, ko makaho ya shafa ya san zance ne. Tabarma, kwalliya, murmushi. Kar in sake ganin ƙafarsa a ƙofar gidana."

Yagana ta san yana da ɗalibai mata, shi da bakinsa ya gaya mata. Amma sani daban, gani daban. Wannan murmushin ta ɗauka nata ne ita kaɗai. Ta shige ɗaki ta kwanta, saƙonni suna shigowa tana kallon su.

"Yagana, na kira ba ki ɗauka ba. Lafiya?"

"An gaya min abin da aka nuna a gidanku. Yarinyar nan jarrabawa ta ci bayan ta sha faɗuwa, godiya take min. Wallahi iyakarta ke nan."

"Ke ma kin yi kuka ranar da kika ci taki. Ki tuna. Ki yi min magana ko zagi ne, zan karɓa."

Wannan na ƙarshen ya fi ƙona mata rai. Ai ita ma daga karatu aka fara. Ta rubuta masa: "Na tuna. Shi ya sa." Ta kashe wayar.

Kwanaki tana jan jiki, tuwo ba ya wucewa. Rannan da hantsi Dada ta leƙo ɗakin.

"Ke, tashi. Mutuwar ta isa haka. Kira min yaron nan mai caza ya sake nuna min abin, rannan ban ga komai ba, kawunanku sun tare."

Hafizu ya zo da rawar jiki. Malam Bunu ma bai fita kasuwa ba tukuna. Dada ta karɓi wayar ta kai ta dab da hanci.

"Ni ba fuskar nake so ba. Ja min shi ƙasa. Ƙasa dai. Yawwa. Mene ne wannan a ƙafarsa?"

"Wando ne, Dada."

"Na san ba zani ba ne. Wane iri?"

Hafizu ya sosa ƙeya. Yagana ta leƙa. Wandon gonar nan ne, laka har gwiwa, da silifas ɗin roba wanda aka ɗaure da waya.

"Ke, in zai zo wajenki, haka yake zuwa?"

"A'a, Dada."

"To wannan aiki ya je, ba zance ba."

Malam Bunu ya yi gyaran murya. "Inna, ai ita yarinyar iya sama take gani. Me zai sa ya wahalar da kansa da wando?"

Dada ta dube shi tun daga hula har ƙasa.

"Bunu, lokacin da kake neman uwar yarinyar nan, wa ya ƙarar min da man shanu yana shafa wa kaushin ƙafa? Cikin takalmi sau-ciki ƙafar take, wa zai gani? Mai so har inda ba a gani yake gyarawa."

Mahaifiyar Yagana, da ke bakin murhu, ta juya baya kafaɗunta suna rawa. Malam Bunu ya gyara hula, ya sake gyara ta.

"Ni dai sai na gani da idona."

"Da ka fara da haka," in ji Dada, "da ba ka aiki mai neman abu ya yi maka binciken abokin takararsa ba."

Washegari Malam Bunu ya hau babur ya nufi Kademi, bai gaya wa kowa ba sai Dada, ita kuma ba ta gaya wa kowa ba sai Yagana. Abin da ya faru a can, daga bakin Malam Bunu da kansa aka ji shi daga baya.

Ya tarar da Mudassir yana shirin farawa. Yaron ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi.

"Ba gaisuwa ta kawo ni ba. Yi abin da ka saba. Cire abin kunnen nan in ji komai."

Ya zauna a gefe inda ba za a gan shi ba, ya harɗe hannu. Yarinyar nan ta fito a kwamfutar. Mudassir ya sa mata wani rubutu, wai a kan yadda ƙudan zuma ke gane hanyar gida. Ta karanta layi, ya tsayar da ita. Ta sake karantawa. Ya yi tambaya, ta amsa, ya girgiza kai ya ce ta nuna masa inda ta gani. Ta koma farko. Can sai wata mata ta ɓullo a bayanta da ludayi a hannu, ta ɗaka mata tsawa da yarensu, ta dangwari ƙeyarta, yarinyar ta miƙe zaune sosai.

Malam Bunu bai ji ko kalma ɗaya ba, amma wannan ya gane ta. Uwa ce take cewa kuɗina nake biya.

Aka koma kan ƙudan zuma. Iskar tsamiya tana kaɗawa. Layin nan dai, aka sake maimaita shi.

Sai ji ya yi ana taɓa ƙafarsa a hankali.

"Baba. Baba, an kira azahar."

Ya buɗe ido, hula ta faɗo kan cinya. Ya goge bakinsa, ya dubi kwamfutar da aka riga aka rufe, ya dubi yaron.

"Kullum haka kuke yi?"

"Kullum, Baba."

"Kai, Allah ya ba ka lada. Ita ma Allah ya ba ta haƙuri." Ya sa hularsa. "Ka turo magabatanka. Amma ka canja wando."

Yagana tana wanke-wanke ta ji ƙarar babur. Ta kasa ɗaga kai. Baban ya wuce ta, ya tsaya, ya ce da bango, "A kunna wayar nan haka, kar yaron mutane ya mutu."

Hannunta da kumfa ta kunna. Saƙo ɗaya ne sabo.

"'Yar Barebari, Baba ya yi minshari a ajina, 'yan Chana sun ji. Ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba. Kin huce?"

Ta zauna a kan kujerar tsugunno, ta sauke wata ajiyar zuciya tun daga cikin cikinta. Sannan ta rubuta.

"Na huce, Malamina. Ka yafe min. Amma daga yau murmushin aji rabi za ka riƙa yi."

"Kwata ma ya ishe su, ranki ya daɗe."

Bayan an shigar da gero rumbu aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Bunu. Mutanen Kademi suka cika motoci, na garin Balan ma da ba a gayyata ba sun zo, don labarin barcin ya riga ya zaga kasuwanni. Hafizu shi ya kawo lasifika, kyauta, ya kuma tsaya yana gyara ta har aka watse, ba ya haɗa ido da kowa.

Da za a fita da amarya, aka kawo ta gaban Dada, lulluɓe cikin laffaya, tana sheshsheka. Tsohuwar ta kama hannunta mai lalle ta riƙe.

"Rage na munafuncin, mun san kina so. Allah ya zaunar da ku lafiya. Allah ya sa in kun yi faɗa ku rasa mai ba ku aron kunne. Ya ba ku masu albarka, ya ba ni ran goya su."

"Amin, Dada," in ji matan soro gaba ɗaya.

"To ku ɗauke ta, ta taka min ƙafa."

Aka ɗauki guɗa.