Shirun Da Mudassir Ya Datse

Rana ta yi ja a kan Tambuwal, kaji sun fara neman makwanci, sai dutse ya faɗo a kan kwanon ɗakin Maccido. Na biyu ya biyo baya. Aka leƙa bayan katanga, ko kare babu.

Maccido da ƙanensa Mudassir sana'arsu tayar da kiɗan disko na zamanin iyaye. A wata akwati a garin Kebbe suka tsinci kaset ɗin marigayi babansu, wanda ya yi zamani yana kaɗa fiyano mai lantarki a filin rawa na gindin tsamiya. Kiɗa ne mai daɗi, amma a tsakiyarsa komai yakan ɗauke, shiru na tsawon numfashi huɗu. Mudassir, sarkin gaggawa, ya ce ai tsufan kaset ne. Ya sa kwamfuta ya datse shirun.

Tun daga ranar gidan bai zauna lafiya ba. Kowace magariba jifa, fiyanon da suka gada daga babansu ya kama kiɗa da kansa alhali babu wuta. Rana ta uku Mardiya, ɗiyar Maccido mai shekara tara, ta miƙe tsakar gida ta kama rawa irin ta mutanen da. Ba ci, ba sha, ba tsayawa, har tafin ƙafarta ya fashe. Maccido ya rungume ta, ta watsar da shi kamar tsumma. Tsoro ya kama shi, ko kuka ya kasa.

Aka ɗauko Malam Ɗan'iya daga Jabo a kan babur. Ya daɗe yana karatu, sannan ya ce wa aljanin da ke jikin Mardiya, "Mi kaka so ga yarinyar ga?"

Muryar tsoho ta fito daga bakinta, tana haki. "Ni da uban su Maccido munka yi alkawari. Shi kaɗa, in taka, shi bar man wurin hutawa. Sun tashe ni, sun cire hutun. Na gaji, Malam. In ban tsaya ba, ita ma ba ta tsayawa."

"In an maida, ka fita, ba ka ƙara taɓa ta?"

"Na rantse."

Malam ya harari Mudassir. "To, gwani, maida mai abinai."

Mudassir ya buɗe kwamfuta ya mayar da shirun. Kiɗa ya tashi, ya kai tsakiya, ya ɗauke. Mardiya ta tsaya cak, ta yi atishawa, ta zube a jikin ubanta tana neman ruwa.

Har gobe, in suna wasa a biki kiɗan nan ya ɗauke, samari kan yi ihu su ce sabon salo ne. Maccido kuwa sunkuyar da kai yake yi, don shi kaɗai ke jin wani tsoho yana sauke numfashi a bayansa.