Ranar da Rahoton Ruwa Ya Ƙi Fitowa

Fanna ta sake danna wurin loda rahoto. Kwamfutar ta ɗan yi tunani, sannan ta fito da jan saƙon da kowa a ofishin ya riga ya gane, har waɗanda ba su taɓa shiga aji ba: an kasa haɗuwa da rumbun bayanai.

A bayanta dattawan ƙungiyar manoman rani na gefen dam ɗin Watari sun cika benci, suna jiran a fitar musu da rabon ruwa, kowa ya san ranar da zai shayar da tumatirinsa. A kujerar gaba kuwa shugaban ƙungiyar ne, Alhaji Kashim, wanda ƙaddara ta sa shi ne kuma mahaifinta.

"Ta sake?" ya tambaya.

"Ta sake, Baba..."

Alhaji ya gyaɗa kai, irin na wanda aka kawo wa shaidar ƙarshe.

Najib ne ya rubuta wa ƙungiyar manhajar. Saurayi ne daga Kano, mai sanyin magana, wanda bai iya ƙin shayi ba ko da ya huce. Ya ajiye duk bayanan manoma a wata tsohuwar kwamfuta da ke sito, ya haɗa ta da ta teburin Fanna da doguwar waya. A cikin saitin manhajar akwai ɗan akwati inda ake rubuta adireshin ta siton, lambobi ne da ɗigo-ɗigo. Idan sun yi daidai, rahoto ya fito. Idan lamba ɗaya ta goce, sai a kira Najib.

Fanna ta gano wannan tun a watan farko, kuma ta yi amfani da iliminta yadda ba a koyarwa a makaranta. Duk lokacin da ta ga an kwana biyu Najib bai zo ba, sai ta canza lambar ƙarshe, ta ɗauki waya da muryar damuwa. Shi kuma ya hau motar haya, ya zo, ya zauna gaban kwamfuta ya ɗaure fuska kamar likita, ya kwashe yini yana gyaran abin da ba ya wuce ƙiftawar ido. A haka suka san juna. A haka har kawunsa ya zo neman izini, Alhaji ya ce a ba shi lokaci ya yi bincike.

Binciken Alhaji ba ya bin dangi. Ya ce asali kowa yana iya arowa ranar tambaya, aikin hannun mutum ne ba ya ƙarya. Sai ga shi aikin Najib yana lalacewa kusan kowane mako. Da ya kira shi ya tambaye shi dalili, Najib ya sunkuyar da kai ya ce laifinsa ne, zai ƙara kula. Tun ranar Fanna ta daina taɓa akwatin, amma suna ya riga ya fita.

Tasi'u ne ya taimaka wa sunan ya yi nisa. Shi ne mai kula da siton ƙungiyar, kuma ya daɗe yana ganin Fanna ta dace da ɗakin da ya gama rufawa da kwano. Yanzu ma yana jingine da ƙofa, yana bayyana wa dattawa cikin alhini cewa shi ba ya son ɓata kowa, amma wanda ya kasa riƙe inji ɗaya, yaya zai yi da gida.

"Kin kira Najib?" Alhaji ya ce.

Ta ce ta kira, yana hanya, motarsu ta tsaya jiran fasinja.

"To idan ya iso ya ɗauki kayansa. Amsar kawunsa kuma na same ta."

Fanna ta buɗe saitin a hankali, kamar mai leƙa tukunyar da ba tata ba. Akwatin adireshin fayau yake. Ba lamba ɗaya aka canza ba, gaba ɗaya aka share.

Ta waiwaya. Tasi'u ya yi mata murmushi mai ladabi.

Nan ta tuna ranar da ya shigo neman makullin sito ya tsaya a bayanta, tana cikin canza lambar, fiye da yadda makulli yake buƙata. Ya ga komai. Kuma ya yi lissafinsa da kyau: babu 'yar mutunci da za ta tsaya gaban mahaifinta da sa'o'insa ta nuna cewa ita ce take janyo saurayi daga Kano da hannunta. Kunya za ta rufe mata baki, Najib ya tafi da laifin, kamar yadda ya saba.

Lissafin ya kusa yin daidai. Ta daɗe tana kallon akwatin.

Sannan ta sa yatsu a kan madannai ta rubuta adireshin da ka, lamba bayan lamba, ba tare da ta duba ko'ina ba. Ta danna gwajin haɗi, ya nuna kore. Ta loda rahoton. Firinta ta yi tarinta na kullum ta fara aman takarda.

Ofishin ya yi tsit, ban da wani dattijo mai albasa da ya ce alhamdulillahi, domin shi ruwa ya kawo shi.

Alhaji ya dubi takardar, ya dubi 'yarsa.

"Yaushe kika iya wannan?"

"Tun tuni, Baba."

"Duk lalacewar da take yi?"

"Ni ce..." Ta ɗago kai. "Ni ce nake canzawa. Aikinsa bai taɓa lalacewa ba. Amma na yau ba ni ba ce."

Tasi'u ya yi saurin cewa ai shi da idonsa ya gan ta tana taɓa wannan akwatin, ya ma san inda ake shiga. Alhaji ya juya ya kalle shi da sha'awa, ya ce ashe sito ya samu masanin kwamfuta ba a sani ba, kuma wanda ya kwana da makullin ofis. Tasi'u ya tuna cewa akwai buhunan taki da ke jiransa.

Aka raba ruwa. Dattawa suka fita ɗaya bayan ɗaya, kowa yana ƙoƙarin nuna bai ji komai ba, alamar cewa kafin la'asar matansu duk sun ji.

Najib ya iso da gumi, jakarsa a kafaɗa, ya durƙusa ya gaida Alhaji, ya fara ba da haƙuri tun ba a tuhume shi ba. Alhaji ya ɗaga masa hannu.

"Ka san ita ce?"

Najib ya saci kallon Fanna, wadda ta ja mayafi har ya kusa rufe mata hanci.

"Na sani, Baba. Lamba ba ta canza kanta."

"Shi ne na tambaye ka ka ce laifinka ne?"

"Ai laifina ne. Da na so, da na kulle wurin tun zuwan farko."

Alhaji ya ja carbinsa. Ya ce shi dai a zamaninsu ƙofar gida ake zuwa zance, a shimfiɗa tabarma, kowa ya gani, ba a jawo tumatirin jama'a cikin maganar ba. Ya ce yaron da ya ɗauki zargi don ya rufa wa 'yar mutane asiri, da yarinyar da ta tona nata don ta wanke shi, bai ga wanda zai iya da su ba sai junansu. Ya miƙe ya gyara babbar rigarsa.

"Ka kulle wurin nan yau. Ka ce wa kawunka ina gida ranar Juma'a bayan masallaci."

Ya fita, amma ya bar ƙofar a buɗe, ya kuma tsaya a inuwar darbejiya inda zai iya hango su.

Najib ya ja kujera gaban kwamfuta.

"Ranki ya daɗe," ya ce ƙasa-ƙasa, "a gaban kowa?"

"Kai dai yi aikinka."

"Fannata... da kin bari, da na san abin da zan faɗa."

"Na sani. Da ka ce laifinka ne, da ka koma Kano da shi, ni kuma a bar ni da Tasi'u da kwanon ɗakinsa."

Ya yi dariya, ya buɗe saitin, ya tura mata madannan ya ce ta zaɓi kalmar sirrin da kanta. Ta tura masa abinsa.

"Kar ka ba ni," ta ce. "Juma'a da nisa."