Faranti Biyu da Ba Su da Lamba

Da hantsi wani maigida ya shigo ofishin 'yan sanda riƙe da wuyan rigar mai haɗa sola.

"Ranka ya daɗe, wannan ya cuce mu! Firji ya mutu, allurar ciwon sugar Inna ta lalace, ga ta can a asibiti."

Sufeto bai yarda da mai ihu ba, bai kuma yarda da mai rawar jiki ba. Ya dubi mai sola. "Me ka haɗa musu?"

"Sai da na ƙirga kayan gidan, yallaɓai. Firji, fanka uku, ƙwan lantarki takwas. Farantin sola shida na sa, kowanne wat ɗari uku. Rana ta awa biyar ta cika batir har da saura."

Da azahar suka isa gidan. Rana kamar ta fasa kai, amma allon inbata, na'urar da ke rarraba wutar solar gidan, wutar faranti huɗu yake nunawa.

Ƙanin maigidan, mai shagon cajin waya a bakin layi, ya matso da sauri. "Ai dama na faɗa wa Yaya, mutumin nan ɓarawo ne."

Wa ya tambaye ka? in ji Sufeto a ransa.

Ya hau rufin. Faranti shida cif, sai dai biyu na ƙarshe da wayar ƙarfe aka ɗaure su, ba noti. Ya ɗaga ɗaya. Matacce ne, ko waya ba a jona masa ba.

"Ba nawa ba ne," in ji mai sola. "Ni kowane faranti sai na rubuta masa lamba a baya."

Sufeto ya sauko, ya nufi shagon caji. Wayoyi sun fi hamsin suna shan wuta, janareta kuwa yana gefe ƙura ta rufe shi.

"Da me kake caji?"

"Wutar gwamnati."

"Wadda aka ɗauke kwana tara?"

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya hau saman shagon, ya leƙo. "Ga faranti biyu masu lamba biyar da shida, yallaɓai!"

Ƙanin ya zauna daɓas. "Wallahi na ɗauka huɗu za su ishe su. Ban san firjin zai tsaya ba."

Maigidan ya kasa kallon mai sola don kunya.

Ana sa wa ƙanin ankwa ya ce, "Yaya, Inna ta farfaɗo?"

"Ta farfaɗo. Kai ta fara tambaya, wai ko ka ci abinci."