Musun Likita da Duk-ɗaya

Sufeto ya gaji da ƙorafin masu hali, amma na wannan tsohon likita ya fi sa shi ciwon kai.

"To, me aka sace?" ya tambaya yana duban falon. Komai na wurinsa.

"Sautin, ranka ya daɗe." Likita ya nuna akwatuna biyu a kan kanta. "Wannan ke jawo waƙa daga intanet, wannan kuma ya mayar da ita sauti kafin ta kai lasifika. Na biyun aka taɓa. Yanzu murya kamar daga cikin bokiti take fitowa."

Sufeto ya ɗaga akwatin, ya ji shi sakayau. Da aka kwance, sai ga wani ɗan allon lantarki mai araha manne da gam. An kwashe kayan cikin na asali.

"Su wa ke shigowa nan?"

"Mai gyara, sai aminina da muke kira Duk-ɗaya. Tun muna samari muke musu. Yakan juya baya, in kunna masa mai tsada, in kunna mai araha, ya ce duk ɗaya ne. Kada ka ɓata lokacinka a kansa. Shi kaɗai ya rage mini da ke zama mu saurara."

Duk-ɗaya, tsohon malamin kimiyya ne, kuma ya rantse ya ga mai gyara ya fita da ƙunshi a hammata. Aka jefa mai gyara bayan kanta yana kuka. An birkice shagonsa kaf, ba a samu komai ba.

Washegari Sufeto ya tarar da matar Likita a kicin.

"Ni da za a kwashe su duka, da na huta," ta ce. "Amma Duk-ɗaya, mutumin da kullum yana nan, har makullin gida gare shi, tun satin jiya bai leƙo ba. Zuwansa na ƙarshe ma da jajayen idanu ya fita."

"Me suka saurara?"

"Waƙar marigayiya matarsa. Da can takan yi waƙa a gidan rediyo."

Sufeto ya ɗauki Likita da kofur suka nufi gidan Duk-ɗaya. Tun daga ƙofa suka jiyo muryar mace, tangaram, har ana jin jan numfashinta. Likita ya tsaya cak.

"Wannan sautin akwatina ne," ya ce a hankali.

Aka kashe waƙar kafin a buɗe musu. Sufeto ya ɗora hannu kan wani tawul da ke bayan lasifika, ya ji ɗumi. Ya yaye shi, ga allon Likita na asali tsirara da wayoyi.

"Malam, ba ka ce duk ɗaya ba ne?" in ji Sufeto.

Tsohon ya zube kan kujera. "Ba ɗaya ba ne. Ranar nan ji na yi kamar tana tsaye a bayana. Na kasa buɗe baki in ce masa ya fi ni gaskiya."

"Da ka roƙa, da kyauta na ba ka!" in ji Likita. "Sufeto, na janye ƙarata."

"Ka janye taka. Mai gyara ya kwana a siminti saboda rantsuwar wannan, ƙarar mai gyara ba ta janyuwa."

Kofur ya kama hannun tsohon, bai ma sa masa ankwa ba. A bakin ƙofa Duk-ɗaya ya waiwayo.

"Ka ci musun, Likita."

Likita ya ɗauki allon. Yana tsaye rungume da shi, har motar ta sha kwana.